Farar Rigar Siman

Maƙwabciyata Pauline ce ta kawo mini labarin, kamar yadda take kawo mini kowane labari: a tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, don kada a ce ta zauna gulma. Wai akwai wani saurayi da ke zuwa kullum bakin tsohon kududdufin kuza da ke kan hanyarmu ta Vom, sanye da farar riga irin ta likitoci, ya zauna a kan dutse tun hantsi har la'asar yana kallon ruwa. Wai masu noman kabeji da ke jan ruwa a wurin sun ce macen ruwa ce ta aure shi, hira yake zuwa. Sannan ta rage murya ta ce wai yana kama da Siman, ɗan Badung na Tudun Wada.

Badung ɗan ƙanena ne, don haka Siman jikana ne, kuma kowa ya san yana jami'a yana karatun likita. Na gaya wa Pauline cewa kududdufin nan da injin aka haƙa shi lokacin ubana yana leburan kuza, in akwai mace a ciki to kamfani ne ya ɗauke ta aiki ya manta bai sallame ta ba. Ta ce ita dai abin da ta ji ke nan, ta janye ƙafarta ta tafi.

Na koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata har kaina ya yi fari, kuma ban taɓa jin magana na bar ta ba tare da na ɗaga murfinta ba. Tun kafin in gama ɗaura ɗankwali na riga na yanke hukunci: in ma Siman ne, to ko wiwi ko budurwa. Amfanin ilimi ke nan. Yana ba mutum damar yin kuskure da sauri, kuma da cikakken tabbaci.

Washegari na hau keke napep, na sauka a bakin titi, na ratsa kunyoyin karas da sandata ina zagin gwiwata. Shi ne kuwa. Yana zaune a kan dutse, jakarsa a gefe, farar rigar ta sha guga har karinta yana tsaye. Babu hayaƙi, babu yarinya. Wuyan rigar ya yi masa yawa.

Na ce, "Mijina, ashe nan ka ɓuya? An ce ka sake ni ka auri kifi."

Bai firgita ba. Ya matsa mini wuri ya ce, "Kaka, kifi dai ba ya yi wa mutum lakca."

Ba sai da na matsa masa ba. Kamar wanda ya gaji da riƙon kaya, haka ya sauke. Tun bara ya faɗi babbar jarrabawar da ake tace ɗaliban likita da ita. Aka ba shi dama ya sake, ya sake faɗuwa. Makaranta ta ce ya bar fannin likita, amma ta buɗe masa ƙofa ya koma wani sashe ya ƙarasa digiri. Da ya kai wa ubansa maganar, Badung ya ce komawa wani sashe daidai yake da sa hannu a kan hukuncin Shaiɗan. Ya ce bangaskiya ita ce mutum ya yi tafiya kamar wanda ya riga ya karɓa. Saboda haka Siman zai ci gaba da tashi da safe, ya sa rigarsa, ya fita kamar kowane ɗalibin likita, har ranar da Ubangiji zai juya sakamakon. Lokacin canza sashen ya zo ya wuce ana jiran wannan rana.

To ina zai je? Ba zai shiga makaranta ba, abokansa na nan. Ba zai zauna a kasuwar Taminus ba, duk inda ya juya akwai ɗan cocinsu. Sai yake hawa mota zuwa iyakar inda kuɗin motar da aka ba shi ya kai shi, kuma nan ne iyakar.

A nan ne na gyara zama na yi abin da na fi iyawa. Na gaya masa faɗuwa ba ƙarshen duniya ba ce. Na lissafa masa ɗalibaina da suka faɗi jarrabawa amma yau suna wuce ni a mota suna fesa mini ruwan kwata. Na ce bayan wuya sai daɗi, ni da na sha gaya wa mutane cewa sau da yawa bayan wuya sai wata wuyar. Yana ta cewa, "Haka ne, Kaka." Na koma gida ina jin kaina kamar alƙalin da ya gama shari'a kafin azahar, na ci tuwon acca na yi barci mai daɗi. Sai daga baya na gane cewa irin "haka ne" ɗin da yake ba ubansa ya ba ni.

Duk da haka na shirya 'yar jakata na tafi Tudun Wada, na ce musu ganin likitan ido ya kawo ni, zan kwana biyu.

A gidan Badung ba a ciwo. In zazzaɓi ya kwantar da mutum aka tambaye shi, sai ya ce yana da ƙarfi. Ba a cewa babu, sai dai a ce yana hanya. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya faɗi abu mara daɗi, sai ka ji Badung daga inda yake ya ce, "Soke," mutum kuma ya ce ya soke cikin sunan Yesu, kamar mai tofar da ƙashin kifi. A wurinsa abin da ka furta shi ne naka. Kuma kada wani ya zaci mugu ne. Ma'aikaci ne a sakatariya, dattijo ne a ikkilisiya, ba ya sha, bai taɓa ɗaga hannu a kan matarsa Suzana ba. Da mashayi ne da aikina ya yi sauƙi.

Da safe na ga abin da idona. Aka taru a falo aka yi waƙa, aka yi addu'a. Kowa ya faɗi alheri ɗaya da yake sa rai da shi a ranar. Da aka zo kan Siman ya ce yana sa rai da nasara, Badung ya ce bai ji ba, ya sake faɗa da ƙarfi. Sannan Suzana ta fito da rigar a hannu bibbiyu. Ita take wanke ta, ta sa mata bulu, in babu wuta ta hura gawayi ta goge ta da dutsen guga. Ta riƙe masa ita ta baya kamar ana shirya ango, ya zura hannuwansa. Ubansa ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Je ka, Dokta." Ya fita, matan layi suna ta yi masa a dawo lafiya.

Da Badung ya zauna shan shayi na ce masa na san komai. Bai ji kunya ba, ya ma yi murmushi, kamar wanda aka kama yana sadaka a ɓoye. Ya ce tun da aka kafa ƙauyenmu ba mu taɓa yin likita ba, kuma ranar da Siman ya samu gurbi dangi har akuya suka yanka. Ya ce a wajen wata addu'a a kan dutse wani bawan Allah ya ga yaron cikin fararen kaya, kuma abin da aka nuna a sama ba farfesa ne zai goge shi ba. Na tambaye shi ko ya gaya wa Rabaran na cocinsu. Ya ce a'a, Rabaran mutumin kirki ne amma ya yi karatu da yawa, bangaskiyarsa ta yi sanyi. Na gane da wa yake.

Na ce, "Badung, yaron nan yana ramewa."

Ya kira ni da sunan girma da suke kirana da shi, ya ce, "Ngo, soke."

Ni da na yi masa wanka yana jariri. Ban soke ba, amma ban ƙara ba.

Suzana kuwa a kicin na same ta. Ta ce Baban Dokta ya fi ta sani. Ta ce in yaron ya zauna a gida, me za ta gaya wa matan zumuntar coci, su da suke sa shi a addu'a da suna? Da na ci gaba da kallonta sai ta ajiye wuƙa ta gaya mini cewa kwanakin baya suna cin abinci, Siman ya ce ya gaji da rai. Haka kawai, cokali a hannu. Na ce to me kuka yi? Ta ce ubansa ya sa ya soke, sannan gidan gaba ɗaya aka ɗauki azumi. Yaron da ba ya cin abinci, aka yi masa maganin da azumi. Ta ce ita tsoronta kada ta maimaita maganar, ta zama ita ce ta kira abin da bakinta. Ba ƙarya take yi ba. Ta ɗauki wuƙar ta koma kan albasarta.

Da yamma Siman ya dawo, bai kai ga cire rigar ba sai ga Isiaka tela, Bayaraben da shagonsa ke jikin gidan, ya naɗe hannun riga yana dariya. Ashe kullum haka yake zuwa a auna masa jini. Badung ne ya saya wa Siman na'urar, shi ne kuma ya yi shela a layi. Siman ya ɗaura, ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba Isiaka, jinin nan ya hau sosai. Don Allah gobe ka je asibiti."

Isiaka ya buga masa kafaɗa ya ce me zai kai shi bin layi tun asuba, ga likita a ƙofar gida, Allah ya hutar da shi. Siman ya ɗaga ido ya kalli ubansa. Badung yana tsaye a bakin ƙofa, ƙirji a gaba, yana gyaɗa kai. Magana ɗaya ce za ta tura mutumin nan asibiti, kuma ita ce maganar da aka hana faɗa a gidan. Ina zaune a kan kujera ina kallo. Ni da bakina ya sa hedimasta ya nemi canjin makaranta, na yi shiru, wai asirin gida ne, wai zan samu lokacin da ya dace. Na koma Vom da lokacin da ya dace a cikin jakata.

Bayan 'yan makonni Isiaka ya faɗi a kan kekensa na ɗinki. Matarsa Morenike ba ta nemi abin hawa ba, gidan Badung ta ruga tana kiran Dokta. Ranar Asabar ce, Siman yana gida. An ce ya tsaya a kan mutumin, sannan ya daka tsawa a kawo keke, irin tsawar da ba a taɓa jin ya yi ba. Isiaka ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Ranar Lahadi Badung ya miƙe a coci ya ba da shaida cewa Ubangiji ya yi amfani da ɗansa ya ceci ran maƙwabci. Aka yi tafi. Aka sa Siman ya miƙe a gan shi.

Daga nan ya daina magana. Suzana ta gaya mini a waya cewa yana da ƙarfi ƙwarai, wato ba ya tashi daga gado sai an ɗaga shi. Ba ya wanka sai ta tsaya a kansa. In ya zo wucewa ta gaban shagon Isiaka, wanda yanzu yake kulle, sai ya tsallaka titi. Amma kowace safiya ana waƙa, ana zura masa rigar, ana cewa je ka Dokta. Na je bakin ruwan na same shi wasu lokuta, na kai masa dafaffen dankali da sababbin nasihohi. Dankalin yakan karɓa ya riƙe har ya huce.

Sai wata safiya Suzana ta kira ni, muryarta kamar ta amarya. Addu'a ta karɓu. Tun kwana uku da suka wuce Siman ya tashi da kansa, ya share ɗakinsa, ya ci gwate har ya nemi ƙari. Ya yi dariya. Ya shiga wurin Isiaka ya durƙusa ya daɗe. Ya kai wa wani abokinsa littattafansa da abin sauraron ƙirji, ya ba ɗan maƙwabta takalmansa masu kyau. Har ya rungume ta ya ce ya gode da duk wahalar da ta sha a kansa. Badung ya ce ga alama nan, kuma ya riga ya karɓi ranar Lahadi don iyali su fita godiya gaban ikkilisiya.

Na ce madalla. Da gaske na faɗa. Na ɗora ruwan shayi ina 'yar waƙa, har ina raba ladan tsakanin azuminsu da nasihohina, nawa kason ya ɗan fi yawa.

Amma ina da wani mugun hali da marigayi mijina ya yi fama da shi har ya koma ga Ubangiji: ba na yarda da labari mai daɗi. In aka ce mini amfanin gona ya yi kyau, sai in tambayi ina ɓeraye. Ruwan bai tafasa ba takalman suka tsaya mini a rai. Damina ce. Wane mai shirin zuwa gobe ne yake kyautar da takalmansa da damina? An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa zama a gidan da ake hukunta fuska in ta faɗi gaskiya ba. Na tuna wani kwas da aka taɓa tura mu muna malamai, a kan yaran da ke cikin damuwa. Yawancinsa gyangyaɗi na yi, don na ɗauka na fi mai koyarwar sani. Abu ɗaya ya maƙale: a ji tsoron natsuwar da ta zo farat ɗaya ba tare da komai ya canza ba. Kuma babu abin da ya canza a gidan Badung.

Na kashe risho, na fita da silifas ɗin wanka.

Yana kan dutsen. Ana yayyafi, masu kabeji duk sun fake. Ya cire rigar ya ninke ta tsaf a gefensa, ya ɗora wayarsa a kai. Da ya gan ni ya yi murmushi, kuma murmushin ne ya fi komai tayar mini da hankali. Na zauna kusa da shi har kafaɗarmu na taɓa juna. A hanya na tsara jawabi, amma hawan kunyoyin ya cinye mini numfashi, sai na ga ba ni da ƙarfin da ya wuce na tambaya ɗaya. Mutane suna cewa kada a yi ta, wai yin ta ne ke shuka abin a zuciyar mutum. Ban taɓa ganin wanda tambaya ta kashe ba.

Na ce, "Siman, kana tunanin kashe kanka?"

Ya daɗe yana kallon ruwan sama yana ɗiga a bayan hannunsa. Ya ce, "Eh."

"Yau?"

"Ban sani ba, Kaka. Na zo ne dai."

Sannan ya ce, a hankali, kamar mai bayani a aji, "Baba in ya duba gaba alheri yake gani. Ke in kin duba masifa kike gani. Ku duka kuna ganin wani abu. Ni in na duba, ba komai. Ko Lahadin nan ba na ganinta."

Ban ce masa bayan wuya sai daɗi ba. Na ce gwiwata ta riƙe, ba zan iya kai kaina titi ba, in kuma ya bar matarsa a cikin ruwan sama Allah ya isa. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya miƙe ya ɗaga ni. Na kama wuyan hannunsa, ban sake shi ba a cikin kunyoyi, ban sake shi ba a cikin keke, har sai da muka shiga falona na tura ƙofa. Wayar ya ɗauko. Rigar muka bar ta a kan dutse.

Na sa shi ya canza kaya, na ba shi suwaitar marigayi. Na kira wata tsohuwar ɗalibata, Tiwalade, wadda yanzu likitar masu irin wannan damuwa ce a wani asibiti a cikin gari. Ina tuna na taɓa rubuta mata a jarrabawa cewa ba ta da natsuwa. Ta saurare ni, ta ce kada a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci, in kwashe magunguna da duk abin da zai iya cutar da shi, in kawo shi da sassafe, in kuma abin ya tsananta kafin nan kada in jira. Na yi duk abin da ta ce ba gardama, abin da zai ba duk wanda ya san ni mamaki. Sannan na kira iyayensa.

Da la'asar suka iso. Badung ko zama bai yi ba. Da na faɗi abin da yaron ya gaya mini, ya toshe kunnuwansa da yatsu, babban mutum da furfura. Ya ce wannan harin ƙarshe ne na magabci, don ya ga nasara ta kusa. Ya ce ɗansa ba zai taka asibitin mahaukata ba, a buga masa tambarin da zai bi shi har gidan surukai. Ya ce an riga an sanar da godiya, an ɗinka anko, dangi suna tahowa daga ƙauye. Na tashi masa. Na kawo hujja, ya kawo aya. Na kawo wata, ya kawo wata. Muka cika falon da murya, ni da shi, kowa yana jin daɗin tasa, jini ɗaya ne ai. Muna cikin haka Badung ya juya ya ce, "Dokta, tashi mu tafi." Kuma Siman ya tashi. Ya miƙe kamar yadda yake miƙewa kowace safiya, hannuwansa sun ɗan buɗe ta baya. Duk ilimina da hujjojina, ga inda muka kai shi.

Duk wannan a gaban Suzana aka yi shi. Tana zaune a bakin kujera, jakarta a cinya, idonta a kan ɗanta cikin suwaitar mamaci. Sai ta ajiye jakar ta sha gabansa. Ba ta kai kafaɗarsa ba.

Ta ce, "Siman, abin da Ngo ta faɗa, haka ne?"

Ya ce, "Mama, in na faɗa za ki ce in soke."

Ta ce, "Ba zan ce ba."

Ya faɗa. Gajeruwar magana ce, bai yi kuka ba. Daga bakin ƙofa Badung ya ce, "Soke." Ya sake cewa, "Suzana, ki sa shi ya soke." Ta buɗe baki, na ga leɓenta yana motsi, shekara da shekaru na sabo suna turo kalmar. Sai ta rufe shi. Ta kama hannun ɗanta ta zaunar da shi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Badung ya ce yana jiransu a mota. Muna jin injin yana aiki a waje, ya daɗe yana aiki. Ya danna oda. Suzana ta cire takalmanta ta jera su a gefen kujera. Daga baya muka ji motar ta tafi.

Da sassafe muka shiga gari, mu uku a bayan keke, shi a tsakiya. A ɗakin Tiwalade akwai kujeru biyu kawai, sai Siman ya zauna a bakin gadon duba marasa lafiya, kansa a ƙasa. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi sunansa, ya faɗa. Ta tambaye shi ko zai iya gaya mata abin da ya kawo shi. Ya girgiza kai. Ta ce ba laifi, za su yi magana su biyu daga baya, amma a yanzu wa zai fara?

Na gyara murya. Tun a keke na shirya bayani da Turanci, mai gabatarwa da tarihi da sharhi a kan tarbiyyar zamani. Sai na ji hannun Suzana a kan gwiwata, mai ciwon ma.

Ta ce, "Likita, ɗana ne. Makaranta ta cire shi daga karatun likita tun bara. Mun sani, ni da ubansa. Muka hana shi komawa wani sashe. Kullum nakan goge masa farar riga in sa masa, mu tura shi waje, alhali mun san ba shi da inda zai je. Ya gaya mana ya gaji da rai, muka sa shi azumi. Jiya ya fita da niyyar kashe kansa, kuma har yanzu niyyar ba ta bar shi ba."